Sunan da Ba Ya Fita a Bakin Mama

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa min, wato Saratu. Duk wanda ya san Bahaushiyar uwa ya san an haɗa min zafi biyu ke nan. Uwa tana kunyar kiran sunan ɗanta na fari, tana kuma kunyar kiran sunan surukarta, ni kuwa na tattara duka biyun na ɗora a kaina. Tun da na yi wayo "ke" kawai na sani daga bakin Mama. Idan kuma magana ta kama ta ambace ni wurin wani, sai ta ce "waccan", ko da ina tsaye a gabanta riƙe da tsintsiya.

Ƙauyenmu yana bayan Roni, inda gonakin gyaɗa suke ƙarewa a gindin duwatsu. Gidajen Kirista a cikinsa ba su da yawa, muna da 'yar majami'armu ta jar ƙasa mai rufin kwano, sauran garin kuwa Musulmi ne, kuma rijiya ɗaya muke sha da su. Babana, Malam Iliya, manomi ne, shi ne kuma mai kaɗa ƙararrawar sujada, wadda a gaskiya wani tsohon ƙarfen mota ne da aka rataye a bishiyar darbejiya. Mama, Hannatu, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi. Ita ke jan waƙa a cikin matan ikilisiya, kuma ko da yake karatunta a hankali yake tafiya, babu waƙar da ba ta haddace ba. Ba ta cin tuwo sai Baba ya dawo daga gona, ko da yunwa za ta kayar da ita. Shi ma ba ta kiran sunansa, sai dai ta ce "Baban Dauda". Dauda kuwa ƙanena ne, na ba shi shekara uku cur. Kun ga har a sunan ubana ma an tsallake ni.

Ni dai tun ina ƙarama mai ƙorafi ce, ba na barin abu ya wuce ban duba ko an cuce ni ba. Da ba a haɗa da addu'a ba, da wataƙila na haƙura da "ke" ɗin nan kamar yadda sauran 'ya'yan fari suke haƙura. To amma a gidanmu kullum bayan an ci tuwo sai an shimfiɗa tabarma a tsakar gida an yi addu'ar iyali, kuma Mama ce ke rufewa. Addu'ar Mama ba ta barin kowa a baya. Za ta kira Dauda da sunansa, ta kira autarmu Rahila, ta kira fasto da matarsa, ta kira Inna Hari mai kawo mana nono daga ruga idan ta ji saniyarta ba ta da lafiya. Har akuyarmu Kyalla sai da sunanta ya shiga addu'a lokacin da take da ciki. Sai can a ƙarshe Mama ta sassauta murya ta ce, "Da waccan, ya Ubangiji, ka san ta." Shi ke nan, sai a ce amin.

Ina da shekara tara abin ya fara damuna da gaske. Na taɓa ganin direban motar kasuwa ya ƙi karɓar wani ƙunshi da za a kai Kazaure saboda ba a rubuta sunan mai shi ba, ya ce shi ba boka ba ne. Sai na zauna na yi tunani irin nawa. Idan saƙon da zai je nan Kazaure ma sai da suna, ina ga wanda zai je sama ya dawo? Na kuma duba na ga alamu sun bayyana. Rahila ta yi ƙyanda ta warke sumul. Dauda ya zo na biyu a ajinsu, shi da ba ya iya ɗaure wandonsa. Kyalla ta haifi tagwaye. Ni kuwa a shekarar nan fensirina ya ɓata sau biyu, haƙorina na gaba ya fito a karkace, kuma kunama ta harbe ni a ranar Kirsimetin da ta wuce. Na tabbata rabona yana sauka a kan wata waccan ɗin daban. Har na san wadda nake zargi, Lami 'yar gidan fasto, don a watan ne aka huda mata kunne aka sa mata 'yan kunne masu ƙyalli.

Saboda haka na yanke shawarar gyara kuskuren da kaina. Wata ranar Talata, muna durƙushe, kowa ya rufe ido, Mama ta gangaro har ta iso wurin. Tana cewa "da waccan", sai na ɗaga murya yadda za a ji ni da kyau na ce, "Saratu take nufi, ya Ubangiji. Saratu Iliya, ta nan bayan Roni, ba Lami ba."

Baba ya yi wani irin tari wanda na san ba tari ba ne. Dauda ya kifa fuska a tabarma, kafaɗunsa suna rawa. Mama ta ƙarasa addu'arta. Ta tashi ta tattara kwanuka ta shige ɗaki. Da duka na yi tsammani, kuma da na samu dukan da ya fi min sauƙi. Kaka kuwa, wadda take zaune a kan turmi saboda gwiwarta ba ta durƙuso, dariya ta yi har sai da goron bakinta ya sarƙe ta aka kawo mata ruwa.

Lokacin an gama roron gyaɗa, sanyi ya fara shigowa, kuma shi ne lokacin da muka fi so a shekara. Kaka takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, ta fito da buhun gyaɗar iri ta juye a faifai. Gyaɗar da za a shuka ba a kai ta inji, da hannu ake ɓare ta don kada ƙwayar ta fashe, kuma hannun da Kaka ta dogara da su namu ne. Dokarta ɗaya ce: hannu ya tsaya, tatsuniya ta tsaya. Idan ta lura wani ya buɗe baki yana kallonta ya manta da aiki, sai ta yi tsit a tsakiyar magana, ko da kura ta buɗe baki za ta cinye yarinya, har sai ta sake jin ƙarar ɓawo. Ɓawon muke watsawa a wuta ya riƙa tartsatsi. Wanda ya jefa ƙwaya a baki kuma, ko a duhu sai ta gane shi, ta ce ya cinye kunya guda ta gonar baɗi.

Ni Takwara take kirana, tana yawan tsokanata wai na ari sunanta na ƙi mayarwa, har na fara tsufar mata da shi. A daren nan na zo na rakuɓe can gefe, ban ko ɗaga kai ba. Ta tura min faifai da ƙafa ta ce in matso, mai aika wa sama adireshi ba ta zama a baya. Sannan ta gyara zama ta buɗe da irin tata buɗewar, wadda ban taɓa ji a bakin kowa ba.

"Ga baƙuwa ta iso, wa zai ba ta tabarma?"

Muka haɗa baki muka ce, "Ta zauna, mu ji da me ta zo."

Ta ce wai an yi wata mata mai 'ya'ya mata uku, duk sun yi aure a garuruwa masu nisa, can wajen iyaka. A zamanin Raƙumi shi ne mai kai saƙo, kuma bayansa a miƙe yake kamar na jaki, ba shi da tozo. Da aka gama girbi sai matar ta kira shi ta fito da ƙunshi uku. Ta ce wannan na Tabawa ne, wannan na Delu ne. Na ukun kuwa, wanda aka ƙulle a cikin wani tsohon majanyin goyo, da kyar ta jawo shi saboda nauyi, ta ce na waccan ne. Raƙumi ya tambaye ta wace ce waccan. Matar ta juya ta ci gaba da tuƙa tuwonta, ta ce masa ya je kawai, ƙullin zai nuna masa mai shi.

Raƙumi ya kai wa Tabawa nata, ya kai wa Delu nata, kwana biyu ya gama. Ya rage na ukun, sai ya shiga gari ya fita gari yana cigiya, wa ya san waccan. Kura ta ji labari, ta samo zane da ɗankwali, ta rangaɗa kwalli, ta tare shi a hanya. A nan Kaka takan toshe hanci ɗaya ta yi muryar kura: "Ai ni ce waccan, bawan Allah. Tun ina cikin tsumma haka ake kirana." Raƙumi ya ce to ta kwance. Kura ta sa haƙori ta ja, ta ja, har haƙori biyu suka zube, ƙulli ko gezau. Ta tafi tana cewa dama ita ba ta cika son kayan mutane ba. Bayan ita Biri ya zo, wanda babu ƙullin da ya taɓa gagarar yatsunsa. Ya bi shi yadda ake kwance kowane ƙulli a duniya, amma duk inda ya ja sai ya ƙara tamkewa, har ya gaji ya ce wanda ya ɗaure wannan bai iya ɗauri ba.

Haka Raƙumi ya yi ta yawo har damina ta wuce, kaya suna danna masa baya. Wata rana ƙishirwa ta kai shi bakin wata rijiya, ya tarar da wata mata tana jan ruwa. Ta zuba masa guga uku ba tare da ta tambaye shi komai ba. Da ya durƙusa zai sha, sai idonta ya faɗa kan majanyin. Ta saki igiya ta zauna a ƙasa. Ta miƙa hannu ta kama bakin da babu mai hankalin da zai kama, ta ja kaɗan, ƙulli ya warware. Ashe Biri ya yi gaskiya, wadda ta ɗaure ba ta iya ba. Irin ƙullin da uwar ta yi ne ranar da ta fara goyo a rayuwarta, tana yarinya, hannunta yana rawa, ta ɗaure shi a baibai kuma a gefe, daidai inda hannun jaririya yake kaiwa. Shekara biyu jaririyar tana wasa da shi. Kafin a haifi Tabawa da Delu uwar ta riga ta koyi ɗauri irin na kowa, don haka su ba su san wannan ba. Nauyin kayan nan ne ya tara wa Raƙumi tozo, har yau bai sauka ba.

Dauda ya tambaya mene ne a cikin ƙunshin. Kaka ta ce ba nasa ba ne, na waccan ne, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa. Sannan ta rufe da cewa nan baƙuwa ta naɗe tabarmarta, wanda ya tsinci ƙarya a ciki ya kai wa kura ta yi ɗankwali.

Na so in ce tatsuniyar ta wanke min zuciya a daren, amma ƙarya zan yi. Abin da na ce shi ne, da uwar ta buɗe baki ta faɗi sunan, da ta hutar da Raƙumi, da haƙoran kura ma suna nan. Kaka ta dube ni ta cikin hayaƙi ta girgiza kai.

"Takwara, kin ɗauko bakina, saura ki ɗauko hankalina," in ji ta. "Mai kai saƙon uwarki ya fi Raƙumi sanin hanya. Gobe ki je ki ɗaukar mata tulu tun kafin ta ce ke."

Na je na ɗauka. Mama ta karɓi ruwan ta juye a randa, ta ɓallo min ƙuli-ƙuli mai zafi guda biyu, ba ta ɗaga zancen ba, ni ma ban ɗaga ba. Da yamma ta yi addu'arta yadda ta saba, ni kuma na kama bakina. Kaka ta sake yi mana tatsuniyar Raƙumi sau da yawa a shekarun da suka biyo, duk lokacin da ta ga na kumbura fuska. Wani lokaci ta ƙara dila a cikin masu zuwa kwance ƙulli, wani lokaci ta ce haƙoran kura huɗu ne suka zube. Abin da ke cikin ƙunshin ne dai ba ta taɓa faɗa ba har ta koma ga Ubangiji.

Na girma na yi karatun jinya, na samu aiki a Kazaure, na yi aure a can. Ranar da na fara sa fararen kaya na zo gida, Mama ta ƙare min kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Ke, waɗannan ai ba za su jure wanki ba." Daga baya Rahila ta gaya min wai a ranar sai da Mama ta zagaya gidajen ƙauyen kaf, har rugar su Inna Hari, tana sanar da su waccan ta zama nas. Haka muka ci gaba, tana ke ina na'am, har na kai shekara arba'in da ɗaya, ina da 'ya'ya uku.

A shekarar ne Rahila ta kira ni a waya daga Babura, inda take aure, tana kuka. Ta ce Mama tana da ƙullutu a nono, ya kusa shekara, yanzu har ya fara fashewa. Mama ta shafa man shanu, ta sha saiwoyi, ta yi azumi da addu'a, daga ƙarshe ta nuna wa Rahila ta kuma sa ta yi alkawarin ba za ta gaya min ba. Dalilinta shi ne ba za ta iya buɗe ƙirjinta a gaban 'yarta ta fari ba. Ni da nake wuni ina koya wa matan wasu yadda za su duba kansu, ni da kallo ɗaya zai ishe ni in san abin da ake ciki, ni aka ɓoye wa. Ban taɓa jin haushin wata al'ada kamar yadda na ji a ranar ba, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Na hau babur tun daga Kazaure ina shirya maganganun da zan faɗa mata. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake, ta rame. Na buɗe baki na fara, sai ta ce, "Ke, zauna ki sha ruwa tukuna. Ba a faɗa da ƙishirwa." Na sha ruwan, faɗan ya bi shi ciki. Na zauna kusa da ita muka ƙarasa tsince waken tare.

Washegari muka tafi babban asibiti a Kano, ni da ita da Baba. A wurin yankar kati wani saurayi ya tambaye ta sunan wanda za a nema idan wani abu ya taso. Mama ta nuna ni da haɓa. Ya ce suna yake so, Hajiya. Ta ce ita ba Hajiya ba ce, kuma ga mai sunan nan tsaye da bakinta. Ya ce ƙa'ida ce mara lafiya ya faɗa da kansa. Mama ta dube shi da tausayi ta tambaye shi ko shi ɗan fari ne. Ya ce na shida ne. Ta ce ai ta gani. Mutanen da ke kan layi suka fashe da dariya, wata tsohuwa ta ce a rabu da baiwar Allah, ta san abin da take yi. Ni na faɗi sunana da kaina, ina dariya hawaye yana zuba.

Likitoci suka tabbatar sankara ce, kuma ta yi nisa. Aka yi aiki, aka sa ta a kan maganin da ke zubar da gashi. Ta ce ta huta da zaman kitso, dama mai kitson tana ja mata kai. Baba, wanda bai taɓa sanin inda ludayi yake kwana ba, ya koyi dama kunu. Kunun nasa gudaji ne zalla, amma Mama takan shanye ta ce Baban Dauda ya kusa ƙwarewa, saura shekara goma. Da muka dawo da ita gida matan ikilisiya suka riƙa zuwa duk Alhamis su yi waƙa a ɗakinta, ita kuma tana kwance tana gyara musu inda suka ja da yawa. Maƙwabtanmu suna aiko da fura, liman ma ya aiko matarsa da zuma. Ban taɓa jin ta tambayi Allah don me ba. Abin da take roƙo shi ne kada ciwon ya sa ta yi wa wani tsawa.

Na ɗauki hutu na dawo gida, Rahila ma ta zo. Ni ke auna magani, ni ke yin allura a hannu, amma wanka da wanke ciwon sai Rahila. Nakan tsaya a bayan ƙofa ina ba ta umarni, ta jiƙa auduga, ta bi a hankali, kada ta goga. Baƙin likitoci sun gani, ƙanwata ta gani, ni ce kaɗai ba a yarda in gani ba. Abin ya yi min ciwo ƙwarai. Na koma yarinyar nan mai shekara tara, ina lissafin abin da aka ba kowa aka hana ni.

Wata rana da la'asar na ce zan je rijiya, na fita, sai na tuna na bar guga. Ina dawowa na ji muryarta ta taga, tana addu'a ita kaɗai. Ta yi wa Dauda a taƙaice, ta yi wa Rahila da mijinta. Da ta iso kan waccan sai na ji ba ta tsaya ba. Ta roƙa min sauƙin ciwon bayan da nake ɓoyewa tun haihuwar ɗana na biyu. Ta roƙa a sanyaya min zuciya a wurin aiki, don ta san bakina. Ta ambaci tsoron da nake yi duk lokacin da mijina ya hau hanyar Gwiwa da damina, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ta roƙi kada in ɗora wa kaina laifin ciwonta. Ta daɗe, tana hutawa tana ci gaba, har ƙafata ta gaji da tsayuwa. Ranar ba a ɗebo ruwa da wuri ba.

A bayan tagar nan na gane abin da Kaka take nufi, bayan shekara talatin da wani abu. Ni suna nake ta saurare, ban taɓa tambayar nauyin kayan ba. Mama ta haife ni tana da shekara goma sha tara, a kaina ta koyi zama uwa, kuma yadda ta fara ɗaure ƙaunata a ranar, a karkace, cikin kunya da rawar hannu, haka ta bar ta. Ban ce kunyar nan ba ta da laifi ba. Ta cinye mana watannin da wataƙila da sun yi amfani, kuma ni ɗana na fari sunansa nake kira tun safe har dare, har yana cewa na cika kira. Amma na daina zargin cewa rabona yana sauka a wani gida.

Kwana tara kafin Mama ta huta, Rahila ta tafi Babura da sassafe saboda 'yarta ba ta da lafiya. Na dafa ruwa na tsaya ina tunanin wace mata zan kira daga maƙwabta. Sai na ji Mama daga ciki tana cewa, "Ke, ruwan zai huce. Shigo da shi."

Na shiga. Ta kwance zanenta da kanta, ta kawar da fuska wajen bango. Na yi aikina yadda na iya, a hankali, ban bari hannuna ya nuna abin da idona ya gani ba. Na shafa mata mai, na ɗaura mata wankakken zane, na ɗauke ta na fito da ita bakin ƙofa inda rana ke sauka. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta ce ashe hannuna ya fi na Rahila laushi, da ta sani da tuni ta kori auta. Na ce ai ita ta ƙi. Ta yi murmushi, ta daɗe tana kallon kajin da ke tsakar gida.

Can ta ce, "Juya min baya."

Na ɗauka wani abu take so in ɗauko, na waiga ina dubawa. Ta ce a'a, in zauna a gabanta in fuskanci katanga, kada kuma in kuskura in waiwayo. Na zauna. Na ji ta ɗora tafin hannunta a tsakiyar bayana, na ji tana tattara numfashi.

"Saratu."

A hankali ta faɗe shi, ta ja tsakiyarsa kaɗan, yadda ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Na yi ta kallon katangar. Ban waiwaya ba. Shekara arba'in da ɗaya ina jira, ban taɓa shirya abin da zan yi idan ya zo ba.

Sai na ji ta ɗan dungure ni da yatsa.

"Duk karatun nan naki, ba a koya miki amsa kira ba?"

Na ce, "Na'am, Mama."